Shin Hoton Tauraron Ɗan'adam Zai Ɗauke wa Mai Binciken Muhalli Shiga Daji?

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai shirin digiri na biyu a fannin nazarin halittu da muhallinsu. Ina son in gano yadda wani daji ya ragu a cikin shekaru kusan talatin, da yadda raguwar ta shafi wani nau'in tsuntsu da ke zaune a cikinsa. Malamin da ke duba aikina ya ce in yi amfani da GIS. Mene ne ainihin abin da wannan tsari zai yi mini, daga ina zan fara, kuma shin hotunan tauraron ɗan'adam za su ɗauke mini wahalar shiga daji?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Amsar ɓangarenta na ƙarshe ita ce a'a, hoto ba zai ɗauke maka shiga daji ba. Abin da zai yi maka shi ne ya nuna maka inda ya kamata ka shiga, ya rage maka yawo a banza, sannan ya ba ka damar ka faɗaɗa abin da ka gani a wurare kaɗan zuwa yankin da ƙafarka ba za ta taɓa gama zagayawa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma duk taswirar da za ta fito daga kwamfutarka iƙirari ce a kan yadda ƙasa take, kuma iƙirari yana buƙatar shaida, shaidar kuwa tana can cikin daji.

GIS tsari ne na kwamfuta da ke adana bayanai tare da wurin da kowane bayani yake a doron ƙasa, ta yadda za a iya jera su, a haɗa su, a yi lissafi da su. Wanda aka fi danganta shi da shi shi ne Roger Tomlinson, wanda ya jagoranci gina irinsa na farko a Kanada a shekarun 1960, lokacin da gwamnatin ƙasar take son ta san yawan filayenta da abin da kowane fili ya dace da shi, noma ko gandun daji ko mazaunin namun daji. Tun daga asalinsa ke nan tambayar ƙasa da abin da ke kanta ce ta haife shi. Tunanin da ke ƙarƙashinsa mai sauƙi ne: kowane irin bayani shimfiɗa ce guda. Koguna shimfiɗa ce, hanyoyi shimfiɗa ce, tsayin ƙasa shimfiɗa ce, yawan ruwan sama shimfiɗa ce, wuraren da ka ga tsuntsunka su ma shimfiɗa ce. Da yake dukkansu suna kan lambobin wuri iri ɗaya, kana iya tambayar kwamfuta ta gaya maka, a kowane wurin da aka ga tsuntsun, nawa ne tsayin ƙasa, nawa ne nisan hanya mafi kusa, kuma kashi nawa na kewayen wurin bishiyoyi suka rufe. Bayanan iri biyu ne. Akwai na zane, wato ɗigo da layi da fili mai iyaka, waɗanda suka dace da sheƙar tsuntsu da kogi da iyakar gandun daji. Akwai kuma na ƙananan murabba'ai da aka jera kamar ƙwayoyin hoto, kowace ƙwaya ɗauke da lamba guda, waɗanda suka dace da abin da ke canzawa a hankali daga wuri zuwa wuri, kamar zafi da tsayin ƙasa da koren tsirrai. Hoton tauraron ɗan'adam yana cikin kashi na biyu.

Ka yi sa'a da zamanin da ka shigo. An harba Landsat na farko, tauraron Amurka mai ɗaukar hoton doron ƙasa, a watan Yulin 1972, kuma tun daga 1982 taurarin wannan jeri suke ɗaukar hoto mai ƙwaya ta mita 30, suna komawa kan wuri guda bayan kowace kwana 16. Shekaru da yawa sayen hotunan ake yi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka mai bincike yakan tsaya a kan biyu ko uku. A 2008 Amurka ta buɗe rumbun gaba ɗaya kyauta, kuma daga nan ne nazarin canjin ƙasa ya sauya kama, domin an koma duba ɗaruruwan hotuna na wuri guda a jere. Tarayyar Turai ta ƙaro Sentinel-2, na farko a 2015, na biyu a 2017, masu ƙwaya ta mita 10, da ke komawa kan wuri bayan kusan kwana biyar. Tsayin ƙasa kuma akwai wanda kumbon Endeavour ya auna da rada a watan Fabrairun 2000, wanda yanzu ake samunsa a mita 30. Ga tambaya irin taka, mai komawa shekara talatin baya, Landsat ne ƙashin bayan aikin, domin jerin hotunansa ya kai can da kaifin da zai yi maka amfani.

Sai dai kafin ka sauke hoto ko guda, ka zauna ka warware maganar mizani, domin a nan ne na fi ganin ayyuka masu kyau suna karkacewa. Ƙwayar Landsat guda murabba'in mita 900 ce, wato hekta guda tana ɗauke da ƙwaya kusan 11. A Sentinel-2 hekta guda ƙwaya 100 ce. A hoton wata na'urar tauraro da ake kira MODIS, mafi kaifinsa, mai mita 250, ƙwaya guda ta haura hekta shida. Duk abin da ke cikin ƙwaya an gauraya shi ya zama lamba ɗaya, bishiya da ciyawa da ƙasa tsirara da inuwa. Idan dajinka ana share shi ne gona guda, babban fili a lokaci ɗaya, Landsat zai gani sarai. Idan kuwa ana tsintar manyan bishiyoyi ne ɗaya-ɗaya a bar sauran, ko ana share ƙananan itatuwan da ke ƙarƙashi a bar rumfar sama, hoton zai iya nuna maka daji lafiyayye alhali abin da tsuntsun yake rayuwa a kansa ya tafi. Saboda haka tambayar farko ta shafi tsuntsun ne kafin kwamfuta: nawa ne faɗin wurin da yake yawo a ciki, a ina yake sheƙa, me yake ci, kuma zai iya ƙetare fili marar bishiya ko yana tsoronsa? Tsuntsun da duk rayuwarsa take cikin hekta biyu da gaggafar da ke shawagi a kan murabba'in kilomita masu yawa ba ƙasa ɗaya suke gani ba, ko da a daji ɗaya suke. Mizanin taswira ya kamata ya bi na dabbar. Abin da aka fi yi shi ne akasin haka, a ɗauki bayanan da suka fi sauƙin samu, sannan a tilasta wa dabbar ta shiga cikinsu.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na bishiyoyin busassun yankuna. Taswirorin duniya da aka yi da ƙwaya mai faɗi sun daɗe suna nuna yammacin Sahara da Sahel kamar ba su da itace sai kaɗan, domin bishiyoyin a warwatse suke, kowace ta yi ƙanƙanta a cikin ƙwayar. A 2020 Martin Brandt da abokan aikinsa suka yi amfani da hotuna masu kaifin ƙasa da mita guda, suka ƙirga bishiyoyi sama da biliyan 1.8 a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 1.3. Bishiyoyin suna nan tun da can, ma'aunin da aka yi amfani da shi ne bai isa ya gan su ba.

Bayan mizani sai ma'anar daji ita kanta. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana kiran wuri daji idan ya haura rabin hekta, bishiyoyinsa sun wuce mita biyar, kuma rumfarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari na ƙasa. Wasu ƙasashe da masu bincike suna ɗaukar kashi 30 ko fiye. Da hoto ɗaya, ma'anoni biyu za su ba ka faɗin daji biyu mabambanta ƙwarai. Shahararren aikin Matthew Hansen da abokansa na 2013, wanda ya lissafa cewa duniya ta rasa murabba'in kilomita miliyan 2.3 na rumfar bishiyoyi tsakanin 2000 da 2012, ta kuma samu kusan dubu 800, aiki ne mai daraja da za ka amfana da shi, amma rumfar bishiya yake aunawa, kowace iri ce. Gonar roba ko ta kwakwar manja da aka dasa a layi za ta iya shiga lissafinsa kamar yadda tsohon kurmi ya shiga. Ga mai lissafin itace wannan yana iya wucewa, amma ga tsuntsun da ke buƙatar kogon tsohuwar bishiya domin ya yi ƙwai, bambancin shi ne rayuwa da mutuwa. Ka rubuta ma'anar da ka ɗauka tun a shafin farko na tsarin bincikenka, ka faɗi dalilin da ya sa ta dace da nau'in da kake nazari, kuma kada ka sauya ta a tsakiyar aiki.

Za ka haɗu da ma'aunin koren tsirrai da ake kira NDVI tun a makon farko. Yana aiki ne saboda lafiyayyen ganye yana shanye jan haske domin haɗa abincinsa, yana kuma mayar da yawancin hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani amma na'urar tauraro tana gani. Ana kwatanta biyun a samu lamba tsakanin -1 da +1. Ma'auni ne mai amfani, amma kore kawai yake aunawa, bai san ko na ciyawa ne ko na gona ko na kurmi ba, kuma idan rumfa ta yi kauri yakan cika ya daina bambanta mai kauri da mafi kauri. Babban haɗarinsa ga aikinka shi ne lokaci. Idan ka ɗauki hoton 1990 na ƙarshen damina ka kwatanta shi da na 2020 na tsakiyar rani, za ka ga asarar daji mai ban tsoro wadda rabinta faɗuwar ganye ce kawai. Ko a wata ɗaya ka ɗauka, shekarar fari da shekarar ruwa ba ɗaya ba ne. Compton Tucker da abokan aikinsa sun nuna haka a 1991, da suka bi iyakar kudancin Sahara ta hoton tauraro daga 1980 zuwa 1990, suka ga tana matsowa kudu a shekarun fari, tana komawa arewa idan ruwa ya samu. Wanda ya ɗauki shekara biyu kacal daga cikin waɗannan shekarun zai iya kafa hujja da duk labarin da ya ga dama. Shi ya sa nake ba ka shawarar ka bar tsarin hoto biyu, na da da na yanzu, ka ɗauki jeri mai tsawo, duk daga lokaci ɗaya na shekara, ka ajiye bayanan ruwan sama a gefensa. Ka kuma sani cewa wata na'ura a cikin Landsat 7 ta lalace a ƙarshen Mayun 2003, hotunansa na bayan nan suna da ratsi-ratsi na giɓi da ke cin kusan kashi 22 cikin ɗari, kuma wasu yankunan duniya, musamman masu yawan gajimare, tsofaffin hotunansu masu tsabta kaɗan ne. Ka duba abin da rumbun yake da shi a kan dajinka kafin ka yi wa kowa alkawarin shekarun da za ka rufe.

Yanzu ga inda ƙafa take shigowa. Idan za ka raba hoto zuwa daji da gona da ciyawa da ruwa da gine-gine, sai ka koya wa kwamfuta da misalai, ka nuna mata wuraren da ka tabbatar da abin da ke cikinsu, ita kuma ta nemo masu kama da su. Misalan nan daga ƙasa suke fitowa. Bayan an gama kuma sai a gwada taswirar da wasu wuraren daban waɗanda kwamfutar ba ta gani ba lokacin koyo, kuma zaɓen su ya kasance na ƙuri'a, ba inda mota take kaiwa cikin sauƙi ba. Gani ya kori ji, kuma a wannan aiki taswirar da ba a gwada ta a ƙasa ba jita-jita ce. Ka yi hattara da lamba guda ta daidaito da ake yawan yin ado da ita. A ce daji kashi biyar ne kawai na yankinka. Taswirar da ta ce babu daji ko kaɗan za ta ci kashi 95 cikin ɗari a gwaji, alhali ta kasa gano abu guda da aka yi ta dominsa. Abin da ake buƙata shi ne a ga kuskuren kowane rukuni daban: cikin wuraren da suke daji da gaske, nawa taswirar ta kama, kuma cikin waɗanda ta kira daji, nawa ne daji da gaske. Sannan idan ka ɗora taswirori biyu domin ka ga canji, kuskurensu yana haɗuwa. Biyu masu daidaiton kashi 90 kowace, idan kurakuransu ba su da alaƙa da juna, za su ba ka taswirar canji mai daidaiton kusan kashi 81. Idan dajin ya ragu da kashi takwas ne kawai, kana iya rasa gane canjin gaske daga ƙurar kuskure. Saboda haka faɗin da za ka rubuta a sakamako ya fito daga samfuran gwajin, da iyakar shakku a gefensa, kada ya zama ƙirgen ƙwayoyi kawai. Ga shekarun baya da ba za ka iya komawa ka taka ba, ka nemi tsofaffin hotunan jirgin sama da taswirorin hukumar gandun daji, ka kuma saurari mutanen da suka daɗe suna aiki a dajin, domin sukan san shekarar da aka share wani sashe da abin da ya jawo haka, wanda hoto ba zai taɓa gaya maka ba.

Akwai wani kuskure na fasaha da ba ya yin ƙara, shi ya sa yake da haɗari. Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma duk hanyar da aka bi aka miƙar da ita sai ta ɓata wani abu, ko faɗi ko siffa ko nisa. A tsarin Mercator, wanda taswirorin intanet suka gada, Girinlan tana bayyana kusan daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Na'urar GPS tana ba ka lambobi a digiri, kuma digiri guda daga gabas zuwa yamma kilomita kusan 111 ne a tsakiyar duniya, amma a latitud 60, wato can nesa arewa ko kudu, rabin haka ne. Kada ka auna faɗi ko nisa a digiri. Ka mayar da dukkan shimfiɗunka zuwa tsari guda mai mita, kamar UTM, wanda ya raba duniya yanki 60, kowane digiri shida, ka zaɓi yankin da dajinka yake ciki. Idan ka ga kogin da ke tsohuwar taswira ya kauce wa na hoto da mita ɗari ko biyu a ko'ina, yawanci bambancin tushen awon da aka gina kowace taswira a kansa ne, ba kogin ne ya matsa ba. GPS na hannu kuma kuskurensa mita kaɗan ne a fili, yana ƙaruwa a ƙarƙashin rumfa mai kauri, saboda haka ka ɗauki wuraren gwajinka a tsakiyar sashe mai kama ɗaya, nesa da iyakar daji da gona.

Da taswirar daji ta tabbata, a nan ne GIS yake fara biyan wahalar da aka sha, domin yana auna abin da ya wuce jimlar faɗi. Daji mai hekta dubu a dunƙule da hekta dubu da aka yayyanka gida hamsin ba ɗaya ba ne. A kusa da birnin Manaus na Burazil, aikin da Thomas Lovejoy ya taimaka aka kafa a 1979 ya daɗe yana bin guntayen kurmi masu girma daban-daban da aka bari a tsakiyar makiyaya. An ga cewa bakin daji ya fi zafi da bushewa da iska, manyan bishiyoyi suna mutuwa a can fiye da ciki, tasirin yana shiga mita ɗari ko fiye, kuma wasu tsuntsayen ƙarƙashin rumfa masu cin ƙwari suna ƙin ƙetare fili ko da ɗan siriri ne. Ka lissafa da kanka: guntu mai murabba'i na hekta 10 kowane gefensa mita 316 ne, idan ka cire mita 100 daga kowane ɓangare abin da ya rage bai kai hekta ɗaya da rabi ba. A kwamfuta wannan aikin minti kaɗan ne, ka ja iyaka zuwa ciki ka auna ƙuryar da ta saura, ka auna nisan kowane guntu da maƙwabcinsa, ka gano siririn burtalin bishiyoyi da ke bin rafi wanda shi kaɗai ya haɗa manyan sassa biyu. Manhajoji irin su FRAGSTATS za su ba ka ma'aunai da dama, fiye da yadda kake buƙata, kuma da yawansu abu ɗaya suke maimaitawa. Ka zaɓi uku ko huɗu waɗanda za ka iya bayyana alaƙarsu da rayuwar tsuntsun da bakinka.

Sai ɓangaren tsuntsun. Za a nuna maka hanyar hasashen mazauni, inda ake ɗaukar wuraren da aka ga nau'in, a haɗa su da shimfiɗun yanayi da tsirrai, kwamfuta ta zana sauran wuraren da suka yi kama da su. Manhajar da ta fi yaɗuwa ita ce MaxEnt, wadda Steven Phillips da abokansa suka gabatar wa masana muhalli a 2006. Bayanan yanayi yawanci daga rumbun WorldClim ake ɗauka, mai ƙwaya ta kusan kilomita guda da ma'aunai 19 na zafi da ruwa, wuraren gani kuma daga GBIF, rumbun da aka kafa a 2001 mai sakatariya a Kofanhegan, wanda ke ɗauke da bayanai sama da biliyan biyu. Duk waɗannan kyauta ne, kuma cikin yini guda za ka iya fitar da taswira mai launuka masu ɗaukar ido. Matsalar ita ce bayanan gani suna nuna inda mutane suka je ne, kusa da hanyoyi da garuruwa da wuraren shaƙatawa da tashoshin bincike. Idan ba a gyara wannan ba, lissafin zai koyi halin masu kallon tsuntsaye ya kira shi halin tsuntsu. WorldClim kuma an gina shi ne daga tashoshin auna yanayi, aka cike tsakaninsu da lissafi, saboda haka inda tashoshi suka yi ƙaranci lambobin ƙiyasi ne, kuma ƙwayar kilomita guda ba za ta ga sanyin kwazazzabon da wataƙila shi ne mafakar tsuntsun ba. Ga daji guda, bayanan da ka tara da kanka bisa tsari sun fi waɗannan daraja nesa ba kusa ba.

Ka tsara ƙirgenka ta amfani da taswirar: ka raba dajin zuwa manyan guntaye da ƙanana, baki da ƙurya, na kusa da na nesa, ka jefa wuraren tsayawa da ƙuri'a a cikin kowane rukuni. Ka koma kowane wuri fiye da sau ɗaya, a lokaci ɗaya na safiya, domin rashin ganin tsuntsu ba ya nufin ba ya nan, kuma maimaita ziyara ce kaɗai za ta ba ka damar raba yiwuwar yana wurin da yiwuwar ka gan shi. Ka rubuta wuraren da ba ka ga komai ba da irin kulawar da ka ba waɗanda ka gani. Ka kuma ba wuraren tazara. Waldo Tobler ya faɗa a 1970 cewa abubuwan da ke kusa da juna sun fi alaƙa da juna fiye da na nesa, kuma wannan yana da sakamako a lissafi: wurare ashirin da ke cunkushe a lungu guda ba shaidu ashirin masu zaman kansu ba ne. Idan ka gwada hasashenka da wuraren da ke maƙwabtaka da waɗanda ka koyar da shi, zai ci maki mai yawa wanda bai cancanta ba. Ka ware sashe guda na dajin gaba ɗaya domin gwaji, ka ga ko abin da aka koya a gabas zai yi aiki a yamma.

Akwai iyaka guda da ya kamata ka amince da ita tun yanzu, kuma amincewa da ita zai ƙara wa aikinka ƙarfi. Kana da tarihin dajin na shekara talatin daga sama, amma da wuya ka samu ƙirgen tsuntsun na shekara talatin. Abin da za ka iya nunawa shi ne yadda tsuntsun yake rarrabe a yau tsakanin guntaye masu girma da tarihi daban-daban, daga nan ka yi hasashen abin da raguwar ta jawo. Ka lura kuma cewa nau'i yakan daɗe a guntun da ba zai iya riƙe shi ba, manya suna nan suna kuka da asuba amma 'ya'ya ba sa tashi, sai bayan shekaru ya ɓace. A nan jerin hotunanka zai yi maka aikin da ƙirge kaɗai ba zai yi ba, domin zai gaya maka shekarar da kowane guntu ya rabu da uwar daji, ka kwatanta wanda ya keɓe shekara biyar da wanda ya keɓe shekara ashirin da biyar. A ganina wannan ita ce tambaya mafi daraja a cikin aikinka.

Maganar manhaja ba ta da tsawo. QGIS kyauta ce, an fara ta a 2002, kuma za ta yi maka kusan duk abin da na ambata. ArcGIS ta kamfanin Esri tana da ƙarfi idan jami'arku tana da lasisinta. Google Earth Engine zai ba ka damar sarrafa jerin Landsat ba tare da ka sauke shi ba, amma sai da intanet da ɗan koyon rubuta umarni. Lissafin ƙididdiga kuma ka yi shi a manhajar R. Kada ka ɓata watanni kana zaɓe tsakaninsu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka riƙe littafin aiki: sunan kowane hoto da ranar da aka ɗauke shi, tsarin awon kowace shimfiɗa, inda ka samo ta, da kowane mataki da ka bi, ta yadda wani zai iya maimaita aikin, kai ma za ka iya kare shi a gaban masu jarrabawa bayan shekara biyu. Ka ajiye ainihin bayanan a wuri daban, kada ka taɓa yin gyara a kansu.

Idan tsuntsun naka yana cikin waɗanda ake kamawa domin sayarwa ko ake kwashe ƙwansu, lambobin wurin sheƙarsa amana ce a hannunka. Kundin digiri yakan hau intanet, kuma masu farauta ma suna karanta taswira. A abin da za ka wallafa, ka faɗaɗa wuraren zuwa murabba'in kilomita goma ko fiye, ka cire lambobin wuri daga hotunan da wayarka ta ɗauka kafin ka tura wa kowa, ainihin lambobin kuma ka miƙa su ga malaminka da hukumar da ke kula da dajin kaɗai, a rubuce, da sharaɗin wanda aka yarda ya gani.